Shekarar da Man Bido Ya Shigo Maraɗi

Bazarar bana ta hana ni zama wuri ɗaya. In na shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedin tsakar gida, sai in ji ƙasa tana huro mini wuta ta ƙarƙashi. In na koma ɗaki, kwanon rufi ya gasa ni ta sama, ga kuran, wutar lantarki, ya ɗauke tun hantsi, fanka ta tsaya cak tana kallona. Amma in zan faɗi gaskiya, ba zafin ne ya dame ni ba. Mun saba da zafin Maraɗi, shi ma ya saba da mu. Abin da ya hana ni sukuni yana cikin ɗakin da ke kusa da zaure a kulle, makullin kuma yana ɗaure a bakin zanena.

Buhunan gyaɗa ne, na ɗiyata. Sunanta na yanka ba ya fita daga bakina, don ta fari ce. Ƴar Bido nake ce mata, sunan da kakarta ta laƙaba mata tun tana tsumma, zan kuma zo ga dalilinsa. Ita da ƙawayenta suka haɗa ƙarfi suka sayi injin matsar mai, suka kama shago a unguwar Zariya. Da kaka suka sayi gyaɗa da yawa, shagon bai iya ɗauka ba, sai ta kawo nata kason gidana nan Sabon Gari ta jibge. Ban so ba tun lokacin, amma na bari.

Ina cikin tsintar wake ran nan sai rediyo ya ce manyan ƙasashen Afirka suna son a gaggauta cire kuɗin duwan, wato na kwastan, a tsakaninsu, bisa wata yarjejeniyar ciniki da suka ƙulla. Wai abin da aka shirya yi a hankali cikin shekaru, yanzu a jawo shi kusa, kaya su riƙa ratsa iyaka ba tare da an biya musu komai ba. Ban san lokacin da na miƙe ba, faifan ya kife, kaji suka samu rabonsu. Na ɗauki salula na kira Ƴar Bido, na ce ta zo yanzu.

Da la'asar ta sauka daga kabu-kabu tana share gumi da gefen mayafi.

"Mama, lahiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Gobe Juma'a ki kwashe gyaɗarki ki kai kasuwa, ki saida ta ɗanya tun tana da daraja."

Ta zauna a bakin tabarma ta sha ruwa, sannan ta ce, "Don zancen duwan ɗin nan ne? Mama, ƙohwar da za a buɗe ma na ƙetare, mu ma ita za a buɗe muna. Akwai wata mata can bakin teku da ta ɗanɗana manmu, ta ce in kuɗin hanya ya ragu za ta riƙa ɗauka, har da ƙuli. Yanzu ne ma nike son in matse duka in aika."

"Ki aika wa wadda ba ki taɓa ganin idonta ba?"

"Na gan ta cikin salula."

Na ce mata ba ta san abin da take faɗi ba. Ta miƙo hannu in ba ta makulli, na ƙara ƙulle bakin zanena. Ba ta yi mini musu ba, ta gaishe ni ta tafi. Tun ranar nake kai da kawo a tsakar gida, wata bazara ta shekara ashirin da ƴan kai tana bina duk inda na sa ƙafa.

Shekarar da na haifi Ƴar Bido, na je wankan jego gidanmu a Tibiri. Ban dawo da wuri ba, don mai gidana ya tafi ci-rani kudu, ya ce in zauna wurin iyayena har ya juyo. Haka na ga shekarar tun daga farkonta, da jaririya a bayana.

Inna, mahaifiyata, matsar man gyaɗa ta gada daga tata uwar. Duk Tibiri an san hannunta. Wasu matan in sun kwashe man da ya taso a turmi, sai su ɗan matse tunkuzar sama-sama su wuce. Inna ba haka take ba. Takan ɗora tunkuza a kan dutse ta durƙusa mata, ta murɗa, ta danna, ta juya, ta sake murɗawa, har sai in ka ɗora ta a kan farin ƙyalle ba za ta bar tabo ba. Saboda haka ƙuliƙulinta ya yi suna wajen tauri. Baba yakan tsokane ta wai da ƙulinta yake korar karnuka daga gona, kuma wai shi ya ci masa haƙorin gefe. Ita kuwa ko a jikinta.

"Ni mai nike saidawa," takan ce. "Ƙuli gyara ne. Wanda ya ga ya yi mishi tauri ya jiƙa."

Tsarin gidanmu kuwa ga shi. Hatsin Baba bai taɓa kai mu sabon hatsi ba. Yakan ƙare wajen noman farko, daidai lokacin da ciki ya fi bukatarsa. Daga nan har a fara gasa tumu, man Inna ne yake ciyar da gida: ta kai mai Maraɗi, ta dawo da tiyoyin hatsi. Shi ya sa ba ta taɓa matsa da kaka, lokacin da kowane gida yake ƙamshin mai kuma ba mai waiwayarsa. Takan zuba gyaɗarta a rumbu ta liƙe, ta jira bazara, sa'ad da mai ya yi wuya a gari. Duk macen da ta san sana'ar haka take yi. Wadda ta matsa da kaka, ana ce mata mai gajen haƙuri.

Kakar shekarar gyaɗa ta yi kyau ƙwarai. Akwai wani tsoho a bayan garinmu, daga cikin masu bin al'adar kaka da kakanni, wanda ake tambaya yadda shekara za ta kasance. Tun kafin shuka ya ce ta gyaɗa ce, kuma bai yi kuskure ba. Abin da ba wanda ya tuna ya tambaye shi, shi ne zancen motoci.

Wanda ya fara kawo mana labarin Kawu Issufu ne, ƙanen Inna, mai lambu a Jiratawa inda ake noman rani da ruwan famfo. Shi mutum ne da ba ya rabuwa da rediyo, a ƙahon kekensa yake rataye shi. Ya zo barka, yana cin tuwo yana ba da labari.

"Yaya, kin ji an ce ƙasashenmu masu kuɗi iri ɗaya za su daina amsar duwan ga kayan juna? Mai ma zai riƙa zuwa daga bakin teku."

"Yaushe?"

"Sun ce sannu-sannu, bana a rage kaɗan, baɗi a rage kaɗan."

Inna ta yi dariya har da tafa cinya. "To kahin su gama sannu-sannunsu ƙasa ta ruhe min ido. Kuma wa zai bar man gyaɗa ya ci man da bai san uwatai ba?"

Muka yi dariya duka, har da ni. Ta liƙe rumbunta da laka kamar kullum.

Sanyi ya zo ya wuce. Bazara ta shigo da ƙarfinta, irin wadda ƙadangare ma yake laɓewa a bayan randa. Inna ta fasa rumbu, aiki ya tashi. Da an sallame asuba maƙwabta mata suke shigowa, don a sana'ar nan yau a taya ki, gobe ki taya wata. A ɓare gyaɗa, a soya ta a babban kasko da yashi, a murje ɓawon da tafin hannu, a sheƙe a faifai. Daga nan a kai inji a niƙo, a zuba a turmi, a riƙa ɗiga ruwan zafi ana juyawa da taɓarya har mai ya fara tasowa yana ƙyalli. Kafin rana ta take, hayaƙi da gumi sun gauraye a idon kowa, zani ya manne a jiki, ƙudaje sun taru. Amma ƙamshin nan, har yau ban ji abin da ya kama ƙafarsa ba. Tun daga bakin hanya baƙo yake sanin ana matsa a gidanmu.

Ran Juma'a muka hau amalanken jaki da gwangwanayen mai, muka nufi Maraɗi. Inna tana da mai saye tsayayya, Hajiya Kande mai ƙosai a bakin tasha, wadda suka daɗe tare har suna kiran juna yaya da ƙanwa. Tun kafin mu kai tasha na lura da wani abu. Ƙofar kowane shago an jera manyan jarkokin roba masu ruwan ɗorawa, waɗanda muke ce wa bido, wani kan wani har sun fi tsayin mutum. Ga wata kamiyo, babbar motar kaya, ta tsaya ana ta sauke wasu, ƴan dako suna gudu da su a ka.

Hajiya Kande ta gan mu ta hau gyaran wutar da ba ta bukatar gyara. Gaisuwa ta yi tsawo, an tambayi jego, an tambayi Baba, an tambayi zafi. Bido yana nan a gefenta a buɗe, ba wadda ta dube shi. Daga ƙarshe Inna ta miƙa hannu ta tsoma yatsa a ciki, ta kai hanci, ta lasa.

"Kande, wanga ruwa ne anka shahwa ma kala?"

"Yaya, ba shi ƙauri, ba shi kumhwa, kuma ki tambayi kuɗinai ki ji. Ni ma ɗiya gare ni."

Inna ta tambaya. Hajiya Kande ta faɗa mata. Ko gyaɗar da ke cikin manta ba za ta sayu a wannan farashi ba, balle itace da niƙa da ƙarfin mutum. Hajiya Kande ta karɓi ƴar kwalba ɗaya don kunya. Muka zaga kasuwa har rana ta karkata, kowa ya shinshina ya yaba ya mayar mana. Muka juyo Tibiri da kusan duk abin da muka je da shi. Gwangwanin da ke jingine da ƙafata ya ɗauki zafi har yana ƙona ni, yarinya tana ta tsala kuka a baya, jakin ma tafiyar ganin dama yake yi. Inna ta kafa ido a kan hanya, ba ta ko kori ƙudan da ya sauka a goshinta ba.

Da Kawu ya zo, Inna ta tare shi tun daga zaure.

"Ina sannu-sannun da ka ce?"

"Yaya, haka munka ji. Sai kuma anka ce an gama, ba sauran duwan. Ni ma a rediyo na ji."

Yana magana yana sunkuyar da kai, kuma na gane dalili. Motocin nan da suke kawo bido ba sa komawa wayam. Albasa da tattasai suke lodawa su yi kudu da su, kuma a bakin lambu suke saye, ba sai an kai musu ba. Kawu bai taɓa ganin rani mai kyau irin wannan ba. Har sabuwar taya ya sa wa kekensa, ya kuma jingine shi a bayan katanga don kada yayarsa ta gani. Ta gani.

"Allah ya ƙara," ta ce masa. "Kai sunka buɗe ma ƙohwa, ni sunka yaye min ruhin ɗaki."

Da wata macen ce, da ta saki sana'ar. Inna kuwa sai ta ƙara ƙarfin matsa. A ganinta, in mai ya faɗi, to a fitar da mai mai yawa daga kowace tiya, ko a rage asara. Ta riƙa durƙusa wa tunkuza har jijiyoyin wuyanta suna tashi. Mai ya cika tuluna, ya cika kwalabe, muka jera a ƙuryar ɗaki. Zafi ya bi shi can, na farkon ya fara sauya wari. Ta gwada kai gyaɗar ɗanya, ta tarar ita ma ta faɗi, don masu matsa duk sun ja hannu. Kowace ranar kasuwa sai ta ce wannan karon mutane sun gaji da ruwan bido, za su dawo. Ta shirya, ta tafi, ta dawo. Ba ta zama, ba ta barin kowa ya zauna.

Ruwan farko ya zo da yamma. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe faifai da tabarmi, sannan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari, muka tsaya a bakin ƙofa muna barin feshin yana dukan fuskarmu. Washegari kowa ya fita shuka. Ba a daɗe ba aka ce Gulbi ya kawo ruwa, jawur, yana jan itatuwa. Daji ya yi kore shar, ido ya huta. Ciki ne bai huta ba, don daidai lokacin Baba ya shiga rumbun hatsi ya fito da damin ƙarshe.

Tuwo ya koma na dare kaɗai. Daga baya ya koma kunu. Furar da Baba yake tafiya da ita gona ta tsinke har kana ganin gindin ƙwarya ta cikinta. Yakan dawo daga noma ya zauna a kan turmi, ya kasa miƙewa, ya ce wai gajiya ce. Wani zai ce ai kuna da gyaɗa. Mun ci, har ta gundure mu. Mun ci soyayya, mun ci dafaffa, mun sha kununta. Amma gyaɗa ba ta tsaya wa mai haure a gona yadda hatsi yake tsaya masa, in ta yi yawa kuma ciki take ɓatawa. Sauran da ke rumbu kuwa Inna ta tsare shi, shi ne jarinta, shi ne kuma abin da take jiran ranar da mai zai farfaɗo.

Ni abin ya bi ta nono. Yarinya ta kama ta tsotsa ta tsotsa, ta saki, ta kalle ni, ta fasa kuka. In juya ta ɗaya ɓangaren, haka. Wuyanta ya fara tsawo, ƴan cinyoyin nan da nake wasa da su suka saki. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Inna takan karɓe ta tana jijjigawa tana tsokanarta, irin wasan kaka da jika: "Yi shiru, Ƴar Bido, ke kinka zo muna da su, tare kunka sauka." Bakinta yana wasa, amma na sha kama ta tana taɓa maɗigar yarinyar da yatsa.

Kawu bai yar da mu ba. Yakan turo keke daga Jiratawa cikin taɓo, da damin zogale a baya. Mu kuma mu tsinko tafasa a bakin gona, a dafa, a yi kwaɗo. Lokacin nan duk ƙasar kwaɗo take ci, daga ƙauye har cikin Maraɗi, don ganye ne kaɗai abin da ya yi araha.

Ana haka zazzaɓin damina ya kwantar da Inna, ga gyaɗa an riga an niƙo. Dole na durƙusa wa tunkuza da kaina. Na murɗa, na danna, sai na ga duhu-duhu yana gilma mini. Hannun mai shayarwa da ta wuni a kan kunu, me zai iya? Na yi iyakar yina, na mulmula na soya a haka. Ƙulin ya fito ja-ja-ja, yana naso, in ka taɓa shi sai ya ruguje.

Inna ta lallaɓo ta fito tana dafa bango. Ta ɗauki ɗaya ta murƙushe shi da yatsu biyu, ta dubi man da ya rage mata a yatsa.

"Barira, mi ne ne wanga? Kin bar dukiya cikin shara. In anka ga wanga anka ce daga gidana ya hito, ina zan sa kaina?"

Kuka ya so ƙwace mini. Kawu yana nan ranar, ya kawo zogale. Don a kashe maganar sai ya ce a ɗaure masa a tsumma ya kai wa matarsa, tunda tana yi wa masu aikin lambu kwaɗo. Inna ta ce ya kwashe duka, kada ya ce daga ina yake.

Bayan ƴan kwanaki sai ga shi da hantsi, abin da ba ya yi. A bayan keken, inda zogale yake zama, ƙullin hatsi ne.

"Yaya, matan da ke kai kwaɗo Maraɗi sun ɗanɗana. Sun ce wanga ba shi son a ƙara mishi mai, da an daka ya kama ganye. Sun ce man bido ba shi da ɗanɗano, in anka zuba a kwaɗo kamar ba a zuba ba. Ga hatsi sun aiko, kuma suna son wani, duk yadda anka samu."

Na duba hatsin nan, yawu ya cika mini baki. Inna kuwa ta juya baya.

"Su je su nemi raggon mata su yi musu. Ni ban iya ba."

A ranar aka yi tuwo na gaske, kowa ya ci ya ƙoshi. Inna ma ta ci, tana ci tana hararar ƙwaryar. Hatsin bai daɗe ba ya ƙare, muka koma gidan jiya. Yarinya ta wuni tana wani kuka siriri wanda ba ƙarfi a cikinsa. Inna ta zaga tsakar gida, ta shiga ɗaki ta dubi tulunan manta, ta fito, ta leƙa rumbu, ta dawo. Can ta ce in ɗebo gyaɗa a soya.

Da aka zo matsa ta ture ni ta durƙusa da kanta. Ta kwashe man sama, ta ɗora tunkuza a dutse, ta danna sau ɗaya, ta danna na biyu. Nan ya kamata ta tsaya, ta kuma sani. Amma hannun ya ci gaba. Na ga ta murɗa, ta juya, kafaɗarta ta sauka da dukan nauyinta, mai yana tsiyaya ta gefen dutse. Ban taɓa riƙe Inna ba tunda na yi wayo. Ranar na kama wuyan hannunta da hannuna biyu.

"Inna, ya isa."

Ta ɗago ta dube ni, na ɗauka mari zan sha. Hannun yana motsi a cikin nawa, yana neman komawa. Sai ta ce, a hankali, "Shi bai san ya isa ba." Ta buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta tashi ta zaga bayan rumbu ta daɗe, ni kuma na mulmula ƙulin ban bi ta ba. Da ta dawo idonta ja, ta ce daga yau in riƙa zama kusa da ita ina tsayar da ita.

Haka muka ƙarasa daminar, ita tana matsa ni ina riƙe hannu. Ba arziki muka yi ba, tuwo ne ya dawo gidan, nono ya dawo, Ƴar Bido ta sake cika zani. Ranar da Baba ya shigo da tumun farko muka gasa, har Inna sai da ta yi dariya. Amma unguwar ba ta koma yadda take ba. Da yawa daga matan da muke taya juna sun kife turamensu. Wasu suka koma sayen bido suna sayarwa da ludayi a ƙofar gida. Baba ya rage gonar gyaɗa ya ƙara wake. Ƙamshin da yake tarar baƙo a bakin hanya ya koma sai jefi-jefi. Inna ta rayu shekaru tana sana'ar ƙuli, ana zuwa nema har daga Maraɗi, amma ko sau ɗaya ban ji ta yi alfahari da shi ba. Har ta koma ga Allah tana cewa ba ta taɓa cin abin da aka soya da man bido ba, ko da yake Allah kaɗai ya san sau nawa ta ci a gidan suna.

Ni abin da na fito da shi daga shekarar abu biyu ne: kada ki ajiye gyaɗa kina jiran gobe, kuma in rediyo ya ce sannu-sannu, ki tashi da gudu. Da su na rayu, ban kuma taɓa nadama ba. Shi ya sa da na ji kalmar gaggautawa a bana, jikina ya riga hankalina tashi.

Cikin kwanakin nan da makulli yake zanena, ba inda ban je ba. Na shiga kasuwa na tsaya ina kallon motoci kamar wadda aka aika ta ƙirga su. A wani shago na ga ƙuliƙuli cikin leda mai hoto, an kawo shi daga ƙetaren iyaka, mai laushi, har da yaji a ciki. Na saya na ɗanɗana, na so in ce ba daɗi, ban samu hanya ba. Ashe har mafakar da muka laɓe a cikinta an gano ta. Na hau adaidaita na tafi Jiratawa wurin Kawu Issufu, wanda yanzu ya tsufa, yana zaune a inuwar mangwaro da rediyonsa a cinya. Na tambaye shi wa zai ci, wa zai sha wuya wannan karon.

"Barira, wancan karon ma ban sani ba sai da motoci sunka tsaya bakin lambuna. In na ce miki na sani, na yi ƙarya."

Na dawo gida da ƙullin zogale, zuciyata tana nan yadda na tafi da ita.

Jiya da safe Ƴar Bido ta zo, da mai amalanke a bayanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi kwanan zafi, sannan ta jira makulli. Na kwance makullin daga bakin zane, amma maimakon in miƙa sai na dunƙule shi a hannu.

"In matar nan ta ɗauki kaya ta ɓace hwa?"

"Tana iya ɓacewa."

"In na ƙetare ya riga naki isowa kasuwa, ya hi naki araha?"

"Yana iya yiwuwa, Mama. Ban ce miki na tabbata ba. Amma in na saida ta ɗanya yau, injin ya zamna, ƙawayena su watse, na hita daga sana'ar tun ba a kore ni ba. In za ta ɓaci, ta ɓaci ina cikin aiki."

Hannuna kuwa sai ƙara matsewa yake, har ƙarfen yana shiga nama. Ta san labarin kakarta, ta ji shi a bakina ya fi a ƙirga, har takan ƙarasa mini in na fara. Ta matso a kan gwiwoyinta, ta kama wuyan hannuna da hannu biyu. Ba ta yi dariya ba.

"Mama, ya isa."

Na buɗe. Makullin ya bar shatarsa a tafina, har yanzu da nake wannan magana wurin bai gama komawa ba. Suka yi ta fitar da buhuna ina tsaye a zaure ina cewa a yi hankali da bakin ƙofa, kamar shi ne abin da ya dame ni. Da amalanken ya sha kwana, na shiga ɗakin. Ba komai a ciki sai ƙamshin gyaɗa da ƴan ƙwayoyin da suka zube. Na tsince su a gefen zane, na share ɗakin, na sake sharewa. Gabas ta fara haɗa hadari tun azahar, bai sauko ba tukuna. Rediyon yana nan a kan taga, ban kashe shi ba.